Dakan da Babu Turmi

Turmin da ya kusa raba mu da gidanmu na unguwar Hayyin Ashir nawa ne. Ƙarami ne, na icen ƙirya. Mahaifiyata ce ta cusa mini shi a jaka ranar da zan taho Alƙahira karatun shari'a, ta ce ita ba ta yarda da ƙasar da ba a daka ba. A hanya ya tsage ta gefe, sai na kai wa wani maƙeri ya ɗaure shi da zoben ƙarfe. Tun daga nan duk bugun taɓarya sai ya zo da wata 'yar ƙara a bayansa, kamar an taɓa murfin tukunya da cokali.

Mu uku ne a shaƙƙar, wato gidan hayar da muke ciki a hawa na huɗu. Akwai wani Bakatsine mai son yaji kamar ransa, wanda ko shayi za a ba shi sai ya tambaya ko da barkono. Akwai kuma wani Badamagare daga Nijar, mai karatun Larabci, shiru-shiru, mai ladabi, ba ya kirana da komai sai Malam ko da yake shekarunmu ba su yi nisa da juna ba. Ni na fi su daɗewa a gidan, ni matar da ta ba mu haya ta sani, ni ake nema idan famfo ya fashe ko an ga shara a matakala. Ba sarauta ba ce, wahala ce kawai aka yi mata rawani.

A ƙarƙashinmu akwai wani dattijo Bamisire, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa da ya yi ritaya. A bayan idonsa Alhajin ƙasa muke ce masa, a gabansa kuwa ya Hagg, yadda Misirawa ke kiran alhaji. Ya daɗe yana haƙuri da dakanmu, wannan kam ba zan ci haƙƙinsa ba. Daddawa, busasshiyar kuɓewa, citta, barkono, duk a tsakar kansa muke lugude. Wata rana ya hau da kansa yana haki, bawwab na biye da shi, wato mai gadin benen, mutumin da ya san wanda ya shiga da wanda ya fita da abin da ke cikin ledar kowa. Alhaji ya nuna mini farar ƙasar silin da ta zubo masa a kan hula. Kunya ta kama ni. Maimakon in ce masa za mu rage, sai bakina ya riga ni, na ce wallahi turmin nan zai bar gidan, kuma ba zai sake jin sa ba.

Ɗalibin shari'a ya san nauyin wallahi, don haka ban tsaya ja da kaina ba. Mun yi dakan ban kwana, Bakatsine ya cika gwangwanaye da yaji yana zufa yana ƙorafi. Badamagare yana zaune kusa da shi da 'yar rikodarsa da yake ɗaukar darasi da ita, na ɗauka bita yake yi. Washegari na ɗauki turmin da taɓaryarsa na kai wa wata Hajiya Bahaushiyar Sudan da ke sayar da abinci a unguwar Arba wa Nus, a wani gida na ƙasa inda babu kowa a ƙarƙashinta sai yashi. Muka koma niƙa a bilenda. Duk wanda ya ce daddawar bilenda ɗaya take da ta turmi, ko bai san miya ba ko yana da wata manufa.

Aka zauna lafiya har wajen ƙarshen 2013. Wanda ya yi zaman Alƙahira a lokacin ya san yadda garin ya koma bayan juyin mulki. Kowa na kallon kowa ta gefen ido. Mai kantin da ya saba tsokanarka da ya Nijeriya sai ya fara tambayarka wa ke biya maka karatu. A mota idan ka yi waya da Hausa sai wuyoyi su juyo. Mu baƙi mun koyi tafiya a gefen hanya, da haɗiye ra'ayi, da dawowa gida da wuri. A irin wannan yanayin ne Alhajin ƙasa ya tare ni a matakala, bawwab na tsaye a bayansa yana goge hannu da tsumma.

“Ya sheikh,” in ji Alhaji, “ba kai ka rantse ba?”

Na ce ni ne, kuma turmi ya daɗe da barin gidan.

“To wa ke daka a kaina bayan azahar? Ba ya tsayawa, ba ya hutawa. Wane irin mutum ne ba ya gajiya? Kuma me kuke dakawa haka?”

Tambayar ƙarshe ce mai haɗarin. A wancan zamanin, a ce baƙi suna kulle ƙofa suna daka wani abu da rana tsaka, ba magana ce ta miya ba. Na ga bawwab ya ajiye maganar a inda yake ajiye irinta. Kafin la'asar mai gidan ta aiko da saƙo cewa idan ƙorafi ya sake zuwa mata mu nemi wani wuri. Jarrabawa ta matso, kuma baƙar fata uku da ke neman haya a watannin nan sai dai su sha kallo. Gidan nan shi ne abin da nake da shi, shi da rantsuwar da na yi a gaban shaida.

A wajenmu babba ba ya tsare mutum ya ce kai ne ka yi kaza. Tambaya kanta tuhuma ce, kuma wanda ka tuhuma bisa kuskure ba zai sake cin tuwo da kai da daɗin rai ba. Sai dai na faɗi maganar a kan tire muna cin abinci, kamar labarin wasu mutane, ina leƙen fuskokinsu. Bakatsine ya ce tsohon ya fara ruɗewa ne. Badamagare ya ce Allah ya kyauta, ya ci gaba da cin abincinsa.

Bakatsine na fara zargi, kuma ina da hujja. Shi ne ya yi ta mita ranar da turmi ya tafi, shi ne yajinsa ba ya ƙarewa. Na leƙa ƙarƙashin gadonsa da sunan neman silifa. Na buɗe akwatin da yake ajiye barguna. Idan ranar girkinsa ce sai in riƙe loma a baki ina lalube da harshe, ko zan ji daddawa mai gari-gari irin ta turmi. Har hannunsa na riƙe fiye da ƙima wajen gaisuwa ina neman kanta. Bawan Allah ya ɗauka ƙauna ce ta ƙaru.

Da ban samu komai ba sai na juya kan Alhaji. Na ji an ce ɗansa na neman aure, kuma wane uba ne ba zai so ɗansa a samansa ba? Na ce lallai ƙirƙirar dakan ya yi don a kore mu. Daga nan na koma kan bawwab, wanda duk sabon ɗan haya alheri ne a wajensa. Na zargi na hawa na biyar, na zargi injin wankin maƙwabta, na zargi bututun ruwa. Bakatsine ya kawo shawarar ko mutanen ɓoye ne suka gaji wurin turmin, muka karanta Baƙara a falo. Badamagare ne ma ya ja mana, da muryarsa mai daɗi. Shi kaɗai ne ban taɓa kawowa a raina ba, domin mutum ne da ko albasa aka ba shi ya yanka sai ka tausaya wa albasar. Na san darussansa na safe ne, na san shi kaɗai ke gida bayan azahar, amma turmi nake nema, shi kuwa bai yi kama da mai turmi ba.

Ranar da haƙurina ya ƙare na fasa zuwa darasi. Na fita kamar kullum, na yi sallar azahar a masallacin layinmu, na dawo na ƙwanƙwasa ƙofar Alhaji na ce na zo in ji da kunnena. Ya shigar da ni ɗakinsa, ya kawo shayi. A nan na gane abin da ke cin sa. Matarsa ba ta ji sosai, 'yarsa kuma tana wurin aiki a lokacin, sun haɗu sun yanke cewa tsufa ne ya fara taɓa shi, har ana maganar kai shi wajen likita. Muka zauna shiru muna kallon silin kamar masu duban wata. Ina cikin shirya yadda zan ba shi haƙuri cikin ladabi in ce babu komai, sai abin ya fara.

Dum. Dum. Dum. Dum. Shayin da ke cikin kofina ya shiga rawa. Bugun bai yi sauri ba, bai yi jinkiri ba, babu inda mai dakan ya tsaya ya juya abin da ke ciki ko ya sauya hannu. Kuma a bayan kowane bugu akwai 'yar ƙarar nan ta murfin tukunya. Turmina ne, wanda na kai Arba wa Nus da hannuna.

Na hau matakala ba takalmi, na buɗe ƙofarmu a hankali. Kicin babu kowa. Ƙarar daga ɗakin Badamagare take fitowa. Na tura ƙofar na same shi zaune a ƙasa ya lanƙwashe ƙafa, kwamfuta a cinyarsa, wata baƙar sifika mai girman bokiti a ajiye a kan tayil, kansa na gyaɗawa, idonsa a rufe. Da ya buɗe ido ya gan ni sai ya danna wani abu, duniya ta yi tsit.

“Ina turmin?” na ce.

“Babu turmi, Malam.”

“Kada ka raina mini hankali. Daga ƙasa nake.”

Ya sunkuyar da kai ya ce ranar dakan ban kwana ya ɗauki bugu ɗaya tak a rikoda, ya sa a kwamfuta, ita ce ke maimaita shi. Kiɗa yake haɗawa, wai shi tekno. Ya ɓoye mana ne don ya san matsayin kiɗa a wajen ɗaliban shari'a, ba ya so ya sa ni a tsaka mai wuya. Na ce ba wa'azi ya kawo ni ba, saɓanin malamai a kan kiɗa ya girme ni da shi. Abin da nake so in sani, me ya hana shi sa abin kunne kamar kowane mai sirri? Ya ce irin wannan bugun ba a auna shi da kunne, sai an ji shi a ƙirji da tafin ƙafa. Na ce ai kuwa an ji shi, a tsakar kan dattijo. Ya rantse bai taɓa zaton bugun na ratsa siminti ba, kuma da na yi maganar a kan tire ya rage ƙarar, ya ɗauka ya isa.

Ina tsaye a kansa a fusace, shi kuwa da ya ga asiri ya riga ya tonu sai bakinsa ya buɗe, mutumin da ba ya haɗa jimla uku a yini. Ya ce kiɗan nan baƙaƙen fata ne suka ƙirƙiro shi, a wani birni na Amurka da ake kira Detroit, a shekarun 1980. Birnin ƙera motoci ne, iyayensu sun ƙare rayuwarsu a gefen injina, sannan masana'antun suka yi ta rufewa aka bar unguwanni kango. Samarin suka taso da ƙarar inji a kunne, suna jin kiɗan lantarki na Turai a rediyo, suna jin na iyayensu a gida. Suka samu wasu akwatunan kiɗa ƙirar Japan da manyan makaɗa suka raina don ba su yi kama da gangar gaske ba, suka saye su a kasuwar gwanjo, suka haɗa abin da ba a taɓa ji ba a ɗakunan kwanansu.

Na ce ban yarda ba. Baƙin mutum ya yi kiɗa babu makaɗi, babu maroƙi, babu wanda ake wasawa? Wannan aikin Bature ne, an dai shafa masa baƙi don a sayar wa irinsu. Ya ce haka kowa ke zato, don a gidansu ba a damu da shi ba sai da ya tsallaka Turai. Bayan katangar Berlin ta faɗi, matasan gabas da na yamma suka riƙa haɗuwa a gine-ginen da aka yasar da ɗakunan ƙarƙashin ƙasa suna rawa da shi, har mutane suka manta daga inda ya fito. Na ce to ka ji masu hankali, sun shiga ƙarƙashin ƙasa inda babu maƙwabci a ƙasansu. Bai yi dariya ba. Ya ce ko waƙoƙin mahraganat da yaran tuktuk, wato babur mai ƙafa uku, ke ƙure mana kunne da su a layi dangin abin ne, talakawa da tsohuwar kwamfuta. Su na Detroit inji suka gada, shi turmi ya gada, da me zai yi nasa?

A lokacin ne muka ji sallama. Ashe na bar ƙofar gida a buɗe. Alhaji ne ya lallaɓo da sandarsa, bawwab na gabansa. Badamagare ya rufe kwamfutar ya jefa bargo a kan sifikar. Bawwab ya zaga kicin, ya leƙa banɗaki, ya duba baranda, ya dawo yana karkaɗe hannu.

“Khalas, shi ke nan, ya Hagg, babu komai. Ma'alish, ka yi haƙuri, tsufa ne, duk za mu je can.” Ya juyo gare ni. “Ya sheikh, rantse masa a wuce wurin.”

Da cewa aka yi in rantse babu turmi a gidan, da na rantse da zuciya ɗaya, kuma babu malamin da zai kama ni. Amma Alhaji ya matso ya kama hannuna, ya ce in rantse masa da Allah cewa abin da muka ji tare a ɗakinsa ba turmina ba ne. Badamagare yana kallona. Na san abin da idonsa ke roƙo, na kuma san cewa idan na rantse, gobe 'yar tsohon nan za ta kai shi asibiti. Na ce wa Badamagare ya buɗe ya kunna.

Bugu huɗu kawai aka yi Alhaji ya ɗaga sanda. “Shi ne! Ga ƙarar ƙarfen nan! Na ce musu, wallahi na ce musu!” Idonsa ya kawo ruwa. Ya sa aka kira matarsa ta hau ta dafa sifikar da tafin hannu ta ji da kanta. Har ya fara tambayar Badamagare ko akwatin zai iya yin ƙarar jirgin ƙasa a kan gada. Na fara sakin numfashi, na ce a raina an tsira.

Bawwab ne bai yi murmushi ba. Idonsa na kan 'yar rikodar da ke gefen katifa.

“Ya sheikh, wato ya ɗauki wannan kuna zaune, ba ku sani ba?”

Na ce haka ne.

“Tamam. To me kuma ya ɗauka?”

Cikin ƙiftawar ido na tuna duk hirar da muka yi a falon nan a watannin da suka wuce, abin da Bakatsine ya faɗa a kan masu mulki, abin da ni kaina na faɗa, da yadda rikodar nan ba ta rabuwa da aljihun gaban rigar Badamagare. Na juya na tambaye shi da Hausa, a hankali, yadda su ba za su gane ba.

“Me kuma ka ɗauka?”

Ya ce ƙarar mai sayar da gas da ke buga tukunya da sifana, da ƙofar mikrobas, ƙaramar motar hayar nan, da ɗigar famfon kicin.

“Muryoyinmu fa?”

“Malam,” ya ce, “kiɗan nan ba ya buƙatar maganar kowa.”

Har yau ina ganin tambaya ce da duk mai riƙe da gida zai yi a shekarar nan, kuma na yarda da amsarsa tun kafin ya rufe baki. Amma bawwab ba ya jin Hausa, fuskata ya karanta, ya ga babban gidan ma bai san abin da ke aljihun ɗan'uwansa ba. Ya ce shi ba zai ɗauki nauyin baƙo mai naɗar sauti a beninsa ba, ko mai rikoda ya fita da kayansa ko ya sanar da mai gida da waɗanda suka fi mai gida. Alhaji ya sa baki, ya ce yaron kirki ne, a sa katifa a ƙarƙashin sifikar kawai. Bawwab ya ce wannan ya wuce maganar silin.

Ban kori kowa ba. Ina cikin neman kalmar da zan fara da ita Badamagare ya ce ba komai, Malam, ya fara naɗe tabarmarsa. Kafin magariba ya sauka da akwati a hannu da sifika a kafaɗa, Bakatsine na biye da shi da katifa yana hararata. Gida ya tsaya mana. Na yi kaffarar rantsuwata, tunda ko ta wace hanya Alhaji ya sake jin turmin. Muka ci jarrabawa. Alhaji ya riƙa aiko mana da tiren basbusa, kek ɗin Misirawa, duk Juma'a, ina ci ba na jin zaƙinsa.

Bayan an kwana biyu na ji inda Badamagare ya koma. Hajiyar nan ta Arba wa Nus ce ta ba shi ɗaki a bayan kicin ɗinta. Na sayi lemo da ayaba na tafi da hantsi. Tun daga bakin lungu na jiyo dakan da 'yar ƙararsa, na tsaya ina saurare in ji ko zai gaji. Can sai ya tsaya, aka ƙwanƙwasa taɓarya a bakin turmi, aka ci gaba. Hajiya ce.

Badamagare ya tarbe ni da fara'a, ya karɓi ledar da hannu biyu, ya tambayi Bakatsine, ya tambayi jikin Alhaji. Ya shimfiɗa mini darduma, ya kawo shayi da ƙosai mai zafi daga wajen Hajiya. Na gyara zama, na buɗe baki zan fara maganar da na yi ta shiryawa a mota. Sai ya ce in ɗan dakata. Ya sa hannu a aljihun gaban rigarsa ya fito da rikodar, ya buɗe bayanta, ya zare baturan ya jera su a gabana kusa da kofin shayi.

“Bismillah, Malam,” ya ce. “Yanzu ka yi maganarka.”